Raunin shimfiɗar aure: Abin da fiƙihu da likitanci suka ce game da musabbabinsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Wanda Ya halatta aure Ya sanya shi sutura ga bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Duk wanda ya taɓa zaman sulhunta ma'aurata, a zauren malami ne, ko a ofishin Hisbah, ko a gaban alƙali, ya san cewa dalilin da ake fara kawowa ba kasafai yake zama dalilin gaskiya ba. Miji zai ce ba ta da ladabi, ta cika fita unguwa, girkinta ya lalace. Matar za ta ce ya cika faɗa, ba ya zaman gida, ko kuma ta sunkuyar da kai ta ce ita dai ta gaji. Sai an kai ruwa rana, an sallami 'yan rakiya, sannan ɗayansu zai yi ta maza ya ambaci abin da ya hana gidan zaman lafiya: an yi watanni, wani lokaci shekaru, shimfiɗarsu ba ta tafiya daidai. Aure da yawa sun mutu a kan wannan, aka faɗa wa dangi wani dalili daban.

Abin takaicin shi ne, batun da ake jin nauyin ambatonsa a gaban malami da likita, shi ne ake shelarsa da lasifika a tashar mota da bakin kasuwa, har da harabar masallacin Juma'a, da kalmomin da mai mutunci ba zai iya maimaitawa ba, ga yara suna ji. Mai lasifikar shi ke faɗin sunan cutar, shi ke faɗin abin da ke kawo ta, shi ke sayar da maganin, shi ne kuma ke ba kansa shaida. Magori dai, wasa kanka da kanka.

Babu mai musun matsayin kunya a Musulunci. Sai dai kunyar da ke hana neman haƙƙi ko neman lafiya ba ita ce abar yabo ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa matar Rifa'atul Ƙurazi ta zo wurin Manzon Allah (SAW) bayan Rifa'a ya yi mata saki na ƙarshe ta auri Abdurrahman bin Zabir. Ta kai kukan cewa sabon mijin ba ya iya biya mata buƙata, har ta kama bakin mayafinta ta kwatanta. Sayyidina Abubakar yana zaune a wurin. Khalid bin Sa'id yana bakin ƙofa yana jiran izinin shiga, abin ya yi masa nauyi, ya ɗaga murya ya nemi Abubakar ya tsawatar mata. Annabi (SAW) bai wuce murmushi ba, sannan ya gaya mata hukuncin da ya shafe ta. A wata ruwayar ta Bukhari, mijin ma ya zo ya musanta zancenta ya faɗi nasa. Ba a kori matar ba, ba a kuma yanke wa mijin hukunci ba tare da an ji daga bakinsa ba.

Gaskiya ne hadisin Abu Sa'id da Muslim ya ruwaito ya yi kakkausan gargaɗi ga mai yaɗa sirrin shimfiɗar iyalinsa. Amma Imamu Nawawi, a sharhinsa na wannan hadisi, ya bayyana cewa idan akwai buƙata, kamar a ce matar ta yi da'awar mijin ya kasa, babu laifi a ambata. Abin da aka hana shi ne hirar majalisa da ta gidan biki. Gaya wa likita ko alƙali ko malamin da ake neman fatawarsa ba ya cikin wannan hani.

Shekara guda da aka ba mai rauni

Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu sun warware wannan mas'ala ba tare da kewaye-kewaye ba. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya ware babi guda a kan wa'adin da ake ɗibar wa mutumin da ya kasa kusantar matarsa. Ya kawo fatawar Sa'idu bin Musayyib cewa a ba shi shekara. In ya iya, aure ya ci gaba, in ya kasa, a raba su. Ya kuma ruwaito daga Ibnu Shihab cewa ana fara ƙirgen shekarar daga ranar da matar ta kai ƙara gaban hukuma, ba daga ranar tarewa ba. An ruwaito wannan wa'adi daga Sayyidina Umar da Ibnu Mas'ud (RA), kuma a kansa mazhabobin nan huɗu suka tafi. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya wuce ta kansa a babin aure, ko da malaminsa ya yi saurin buɗe shafi na gaba.

Malaman Malikiyya sun bambanta masu wannan larura. Wanda halittarsa cikakkiya ce amma gabansa ba ya miƙewa, shi suke kira mu'utarid, kuma shi ne ake ba shekara, domin ana fatan warkewarsa. Wanda kuwa aka yanke masa gaba, ko halittarsa ta yi ƙanƙantar da saduwa ba za ta yiwu ba, ba a ɗibar masa wa'adi, nan take ake ba matar zaɓi, tunda jira ba zai sauya komai ba.

Me ya sa shekara? Malaman da suka zo daga baya sun ce domin yanayi huɗu na shekara su zagayo a kansa. A ilimin likitancin zamaninsu, irin wanda Ibnu Sina ya tattara a littafinsa Alƙanun, ana danganta cuta da rinjayen zafi ko sanyi ko danshi ko bushewa a jiki, saboda haka suka ce in zafi ne ya yi masa yawa lokacin sanyi zai gyara, in bushewa ce lokacin danshi zai gyara. Likitancin yau ya bar wannan bayani. Amma a lura da abin da waɗannan malamai suka yi: sun ɗauki raunin a matsayin cuta mai musabbabi a jiki, sun yi zaton za ta iya warkewa, suka ware mata lokacin neman magani, sannan suka iyakance lokacin don kada a bar mace a rataye. Ba su fara da zargin kishiya ba, ba su kuma kira mutumin da sunan wulaƙanci ba.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Miƙewar gaban namiji aiki ne na jini. Sha'awa tana farawa a ƙwaƙwalwa, saƙo ya bi ta laka ya isa ga wasu siraran jijiyoyi, su kuma su saki wani sinadari da ake kira naitirik oksaid. Wannan sinadari shi ke sa hanyoyin jini su saki jiki su buɗe, jini ya kwarara cikin wasu ɗakuna biyu masu kama da soso, su kumbura, kumburin ya danne hanyoyin da jinin zai koma, sai ya tsaya a ciki har a gama. Gano aikin wannan sinadari a hanyoyin jini shi ya sa aka ba wasu masana uku na Amurka kyautar Nobel a shekarar 1998. Ke nan ana buƙatar hankali kwance, da lafiyayyun jijiyoyin saƙo, da buɗaɗɗun hanyoyin jini, da isasshen sinadarin namiji wanda ake kira testosteron. Ko wanne ya samu tangarɗa, aikin zai samu tangarɗa.

A wurin mutumin da ya haura shekara arba'in, mafi yawan lokaci a hanyoyin jinin ne matsalar take. Ciwon suga shi ne kan gaba, domin yana ɓata ɓangare biyu a lokaci guda: yana lalata cikin hanyoyin jini, yana kuma kashe siraran jijiyoyin saƙo, kamar yadda yake sa tafin ƙafa ya riƙa yin dindiris ko zugi. Bincike ya nuna fiye da rabin mazan da ke da ciwon suga suna fama da wani mataki na wannan rauni, kuma yakan zo musu shekaru da dama kafin sa'o'insu. Ga shi kuma a nahiyar Afirka fiye da rabin masu ciwon suga ba su san suna da shi ba. Sau da yawa raunin shimfiɗa shi ne alamar farko da mutum zai lura da ita, alhali ya daɗe yana yawan fitsari da daddare da yawan jin ƙishirwa yana ɗora laifin a kan zafin gari. Bayan suga sai hawan jini, da yawan kitse a cikin jini, da ƙiba, musamman teɓa, da shan taba da shisha, da zaman wuri ɗaya daga shago zuwa mota zuwa gado.

A nan akwai abin da ya kamata kowane magidanci ya riƙe, domin ya wuce batun jin daɗi ya shiga batun rai. Faɗin hanyoyin jinin da ke ciyar da gaba bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, waɗanda ke ciyar da zuciya kuwa sukan kai milimita 3 zuwa 4. Idan kitse ya fara taruwa a hanyoyin jinin mutum, ƙaramar hanya ita za ta riga nuna alamar toshewa, kamar yadda ƙaramar kwata ke riga babbar magudana cikewa da shara. Saboda haka likitocin zuciya suke ɗaukar wannan rauni a matsayin gargaɗi, wanda yakan riga ciwon zuciya bayyana da kimanin shekara 2 zuwa 5. Mutumin da ya ga rauni ya tafi asibiti aka auna sugansa da jininsa, wataƙila ya tsere wa bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya tafi tasha ya sayi kwalba, ya toshe bakin mai gargaɗin ne kawai, cutar tana nan tana cinsa.

Ba kuma abu ne da ya keɓanci mutum ɗaya ba, ko da yake kowa yana zaton shi kaɗai ne. Wani shahararren bincike da aka gudanar a jihar Masacusets ta Amurka, aka wallafa a shekarar 1994, ya samu kashi 52 cikin 100 na maza masu shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na rauni, daga ɗan kaɗan zuwa cikakke. Tsufa yana da nasa kason, babu shakka. Mai shekara sittin ba zai zama kamar ɗan ashirin da biyar ba, kuma neman hakan wahalar da kai ne. Amma yawancin abin da ake ɗora wa tsufa aikin cututtukan da ke rakiyar tsufa ne, kuma su ana iya shawo kansu.

To ina basir da sanyi, waɗanda mai lasifika ke ɗora wa komai? Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura. Yana da zafi, yana iya zubar da jini, zafinsa yana iya hana mutum sakewa, amma ba ya cikin manyan abubuwan da ke kashe gaba. Mutum zai shekara yana shan maganin wankin ciki yana gudawa, alhali sugansa ne ke hawa. Sanyi kuwa suna ne da aka tara cututtuka daban-daban a ƙarƙashinsa. Wasu ana ɗaukarsu ta saduwa kuma dole a yi wa miji da matansa magani tare, wasu kumburi ne na wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Gwaji ne kaɗai ke bambance su.

Wani musabbabin da ake mantawa shi ne magungunan da mutum yake sha don wata cutar. Wasu daga cikin magungunan hawan jini, da wasu na ciwon damuwa da taɓin ƙwaƙwalwa, suna rage ƙarfi ko sha'awa. Mun san magidanta da ke daina shan maganin hawan jini a ɓoye saboda wannan, kuma wannan ganganci ne da rai. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Abin yi shi ne a gaya wa likita, domin akwai wasu nau'o'in da zai iya sauyawa da su. Sai kuma tiramol, wanda ya zama ruwan dare a tsakanin matasa, har da sababbin angwaye, saboda yana jinkirta inzali. Jinkirin gaskiya ne, amma kuɗinsa da tsada: jiki yana sabawa da shi har ya kasa rabuwa, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma daɗewa a kansa, kamar kodin da danginsu, yana rage sinadarin namiji, sha'awar da aka sha shi dominta ta dushe gaba ɗaya. Haramcin shansa don maye kuwa ba ya buƙatar dogon bayani.

Idan jiki lafiya yake

Akwai mutumin da gwaji zai nuna lafiyarsa ƙalau, amma abin ya gagara. Likitoci sukan yi wata tambaya mai sauƙi: shin yana samun miƙewa cikin barci ko da asuba? Idan yana samu, kuma raunin ya zo ne farat ɗaya, alama ce cewa jijiyoyi da jini suna aiki, matsalar tana cikin zuciya da tunani. Idan kuwa a hankali ya riƙa raguwa tsawon watanni har na asubar ma ya ɗauke, an fi karkata ga cuta a jiki. Alama ce dai, ba hukunci ba, kuma sau da yawa biyun sukan haɗu.

Tsoro yana sa jiki ya saki sinadarin da ke matse hanyoyin jini, wato kishiyar abin da ake buƙata. Ango ya kwana bakwai yana hidimar biki, bai yi barci ba, ga bashin lefe, ga abokai sun cika masa kunne da labarai, ga dangi suna jiran labarin safiya. Ya kasa a daren farko, wanda abu ne da ke faruwa ga lafiyayyun mutane da yawa. A dare na biyu ya shigo da fargabar na farko, sai fargabar ta haifar da abin da ake tsoro. Haka zai yi ta zagayawa, har a kai ga cewa an ɗaure shi. Magidancin da kuɗin haya da kuɗin makaranta suka hana shi barci, da wanda ya rasa aiki, da wanda ke kwana da gaba tsakaninsa da matarsa, duk suna iya faɗawa cikin wannan. Kalma ɗaya ta gori daga bakin mace a irin wannan lokaci takan yi ɓarnar da magani zai daɗe bai gyara ba. 'Yar'uwa, ki kiyaye harshenki a nan. Shiru da tausasawa suna cikin maganin.

Inda fitina ta fi tashi shi ne gidan mai mata fiye da ɗaya. Mutum lafiya lau a ɗakin uwargida, a ɗakin amarya ya kasa, ko akasin haka. Kafin gari ya waye an yanke hukunci: asiri ne, kuma an san wadda ta yi. Alhali malaman fiƙihu tun da daɗewa sun rubuta cewa mutum yana iya gazawa ga wata matar ban da wata, suka ba shi hukuncin mai rauni a haƙƙin wadda ya gaza gare ta. Likitoci kuma suna ganin wannan a matsayin babbar shaida cewa jikin lafiya yake. Fargabar burge sabuwa ce, ko nauyin zuciya game da tsohuwa, ko wani ɓacin rai da ba a furta ba.

Ba mu musun sihiri. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta ambaci sihirin da ake raba miji da mata da shi, ta kuma tabbatar da cewa ba ya cutar da kowa sai da izinin Allah. Bukhari ya kawo cewa Ƙatada ya tambayi Sa'idu bin Musayyib game da mutumin da aka kange daga matarsa, ko za a warware masa, ya amsa cewa babu laifi tunda gyara ake nufi. Malamai da dama suka ɗauki wannan a kan warwarewa ta hanyar halal, wato Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata. Mutum ya yi wa kansa ruƙya, ya riƙe azkar na safe da yamma, wannan alheri ne ko da sihiri ko babu. Abin da muke ƙi shi ne a tsallake awon suga na 'yan mintoci a tafi zargin baiwar Allah da kafirci ba tare da hujja ba, alhali aya ta 12 a Suratul Hujurat ta yi hani ga yawan zato. Mafi muni kuma a ɗauki ƙafa a tafi wurin boka, wanda hadisin Muslim ya nuna cewa zuwa tambayarsa kaɗai yana hana karɓar sallar kwana arba'in. Boka kuwa ba zai taɓa cewa babu asiri ba, don da shi yake cin abinci.

Saurin inzali ma yana cikin abin da maza suka fi kuka da shi, kuma da yawa daga masu kukan lafiyarsu ƙalau, ma'auninsu ne ya lalace. A shekarar 2005 an wallafa wani bincike da aka yi da agogo a kan ma'aurata 500 a ƙasashen Holan da Birtaniya da Sifen da Turkiyya da Amurka, aka samu tsaka-tsakin lokacin bai kai minti shida ba. Abin da likitoci ke kira cuta shi ne wanda kullum yake gamawa cikin kimanin minti ɗaya ko ƙasa da haka, ba ya iya riƙewa, kuma abin yana damunsa. Wanda ya ɗauko ma'auninsa daga finafinan batsa a waya, ban da zunubin kallon, ya ɗora wa kansa ƙarya ce da aka haɗa da yanke-yanken hoto da ƙwayoyi. Malamanmu kuwa sun nuna inda gyaran yake tun da daɗewa. Imamu Gazali a Ihya'u, da Ibnu Ƙudama a Almugni, duk sun yi bayanin cewa miji ya gabatar da wasa da tausasan kalamai, kuma idan ya riga matarsa kada ya janye sai ita ma ta biya buƙatarta. Gidaje da yawa abin da suka rasa ke nan, ba kwalba ba.

Ɓangaren mata

An fi yin shiru a kan na mata, domin ita mace ana zaton haƙuri ne aikinta. Akwai amaryar da tsokar gabanta ke ɗaurewa da kanta duk lokacin da aka kusance ta, ba da son ranta ba, saboda tsoro ko wani mugun abu da ya taɓa samunta. Sai a ce taurin kai ne, ko a ce namijin dare ne ya aure ta, a yi ta yi mata turare da duka da sunan fitar da aljani. Wannan larura sananniya ce a wurin likitocin mata, kuma tana warkewa da bayani da haƙuri da horar da tsokar a hankali. Tilastawa ƙara ta take yi.

A irin wannan hali ne wasu ke kiran wanzami ko ungozoma a yi yankan gishiri, a sa aska a tsaga cikin gaban yarinya da sunan buɗe hanya. Likitocin da ke aikin yoyon fitsari a Arewa sun daɗe suna lissafa wannan yanka a cikin abubuwan da ke jawo shi, ban da zubar jini da tabon da ke mayar da saduwa azaba har abada. Toshewar halitta ta gaskiya tana faruwa, malaman fiƙihu sun san ta, suna kiran mai ita ratƙa'u, kuma sun ce a ba ta lokaci ta nemi magani. Maganin a yau aikin likitan tiyata ne, a asibiti.

Mai shayarwa takan samu bushewar gaba da raguwar sha'awa, domin sinadarin da ke kawo nono yana danne na ni'ima; ga gajiyar raino, ga wataƙila ɗinkin ƙari da bai gama warkewa ba. Haka macen da haila ta ɗauke mata, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55. Wannan ba ƙiyayya ba ce ga miji, kuma man santsi mai tsabta da ake samu a kemis yana sauƙaƙa shi, babu kuma abin da ya hana shi a shari'a. Ciwon suga yana taɓa mata su ma, da bushewa da yawan ƙaiƙayi. Game da kayan mata, abin da aka haɗa da dabino da aya da kwakwa da zuma abinci ne, sai dai mai suga ta yi hattara. Wanda muke jan kunne a kansa shi ne na matsi, ƙulle-ƙullen da ake cusawa ba a san abin da ke cikinsu ba. Suna ƙona fatar ciki, suna kashe ƙwayoyin halittar da ke tsare wurin, su buɗe ƙofa ga cuta, wani lokaci su bar tabon da zai tsuke hanya har haihuwa ta zo da matsala.

Kwalbar bakin tasha da wa'adin alƙali

Maganin asibiti na wannan rauni yana nan, kuma halal ne. Sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, an fara gwada shi ne don ciwon ƙirji na zuciya, aka amince da shi a Amurka a shekarar 1998. Aikinsa shi ne ƙarfafa tasirin wancan sinadari mai buɗe hanyoyin jini; ba ya haifar da sha'awar da babu ita. Haɗarinsa babba shi ne ga mai shan magungunan ciwon ƙirji na dangin naitiret, domin haɗuwarsu tana iya faɗar da jini ƙasa warwas har a rasa rai. Shi ya sa likita ne ya kamata ya rubuta shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano wannan sinadari a ɓoye cikin kayan da aka rubuta musu cewa tsantsar ganye ne ko zuma, NAFDAC ma ta sha gargaɗi a kan magungunan ƙarfin maza marasa rajista. Mai shan irin wannan kwalba bai san me ya sha ba, bai san nawa ya sha ba. Kuma duk miƙewar da ta wuce awa huɗu ba ta kwanta ba, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, domin jinin da ya tsaya yana kashe naman wurin, jinkiri kuma yana iya jawo mutuwar gaban ta dindindin. Masu cutar sikila wannan yakan same su ko ba su sha komai ba. Iyayen samari masu sikila su gaya musu tun da wuri, don kunya ba ta sa yaro ya kwana da shi.

Wanda zai je asibiti ya nemi a auna masa suga da hawan jini da kitsen jini, ya tafi da duk abin da yake sha, har na gargajiya, ya faɗi gaskiyar yaushe abin ya fara. In da hali ya tafi da matarsa. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, suna da sashen likitocin mafitsara, amma gwajin farko ko a ƙaramin asibiti ana yi. Rage teɓa, da tafiyar ƙafa kullum, da barin taba, suna gyara hanyoyin jini gyara na gaske.

Saura hukuncin wanda ya yi magani bai dace ba. Wa'adin shekara da muka ambata na wanda bai taɓa iya kusantar matar ba ne tun da aka ɗaura. Wanda ya taɓa saduwa da ita sannan rauni ya same shi daga baya, Imamu Malik ya ce bai ji ana ɗibar masa wa'adi ko a raba su ba. Jarrabawa ce da ta sauka a kansu su biyu. Ibnu Taimiyya kuwa yana ganin cutuwar mace da rashin saduwa dalili ne na raba aure, ko da gangan mijin ya bari ko don gazawa. Macen da ta zaɓi zama da mijinta mai ciwon suga bayan shekara ashirin da 'ya'ya, ta yi abin da ake fatan lada mai yawa a kansa, shi kuma wajibi ne ya kyautata mata da duk abin da ya rage masa na kusanci da tausasawa. Wadda kuma ta ji tsoron faɗawa haram ta nemi rabuwa, ba ta yi abin kunya ba, kada dangi su mayar da ita abar nuni.

Wanda ya san yana da wannan larura kafin aure, ya ɓoye, ya karɓi 'yar mutane, ya yi ha'inci. Ƙa'ida ita ce wanda ya san aibi ya yarda da shi, zaɓinsa ya faɗi. Amma malaman Malikiyya sun togace matar mu'utarid, suka ce ko da ta sani ta zauna da shi bisa fatan zai warke, idan bai warke ba zaɓinta yana nan. Kuma idan shekara ta cika alƙali ya raba su, a mashahurin zancen mazhaba cikakken sadakinta nata ne. Muna faɗin wannan ne domin abin da aka fi yi a garuruwanmu shi ne a lallaɓa yarinya ta nemi hul'i don a rufa wa mijin asiri, iyayenta su ciwo bashi su mayar da sadakin da shari'a ba ta ce su mayar ba. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma ana iya yinsa da saki ɗaya cikin mutunci, a bar mata sadakinta.

Allah ne Mafi sani.